Maganin basir na gargajiya: wanda ake sha, wanda ake zama a ciki, da wanda ake gudu

Duk wanda basir ya taɓa kamawa ya san ba ciwo bane da mutum zai iya faɗa a cikin jama'a, shi yasa kafin yawancinmu mu yarda likita ya duba mu mun riga mun sha jiƙo kala uku ko huɗu, wannan yace maka sabara, wancan yace bagaruwa, wani kuma ya rantse maka sassaƙen maɗaci ne ya raba shi da nashi. Kuma ba duka ne ƙarya ba fa, akwai itatuwan da suke aiki da gaske. Inda ake samun matsala shine a tattaro su duka a zuba a tukunya ɗaya a ce maka sha safe da yamma, alhali aikinsu ba ɗaya bane, wani ma kishiyar wani ne. Toh abin da nake so in nuna maka kenan, yadda zaka raba su gida-gida ka san wanne zai shiga ciki wanne kuma iyakarsa waje.

Amma bari mu fara da shi ciwon kansa, dan in baka san me kake yaƙa ba zaka yi ta harbin iska. Kowane ɗan Adam yana da wasu 'yan matasai na tsoka da jijiyoyin jini a cikin dubura, manyan guda 3 ne, da su aka haife ka, kuma suna taimakawa wajen toshe ƙofar kada iska ko ruwa ya riƙa zubowa ba da saninka ba. Basir shine lokacin da waɗannan matasan suka kumbura suka saki suka fara zamewa ƙasa. Abin da ke jawo haka galibi yunƙuri ne, bayan gida mai tauri, daɗewa a tsugunne ko a zaune a kan masai, yawan gudawa, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba, sai kuma juna biyu da naƙuda ga mata. Na ciki baya cika zafi saboda wurin babu jijiyoyin jin zafi irin na fata, shi sai dai kaga jini ja jawur yana ɗiga bayan ka gama, na waje kuwa shine mai ƙaiƙayi da raɗaɗi. Likitoci sun kasa na ciki mataki 4: na 1 jini kawai babu tsiro, na 2 tsiro ya leƙo ya koma da kansa, na 3 sai ka sa yatsa ka mayar, na 4 kuma ya fito ya ƙi komawa sam. Ka riƙe wannan lissafin dan zamu dawo kansa, ganye yana da iyakar inda yake kaiwa.

Wani abu da nake so ka cire daga ranka tun yanzu, ba komai ne basir ba. Kumburin ciki, ciwon baya, kasala, raunin mazakuta, yawan tusa, duk an ɗora wa basir, har ya zamana in mai magani ya fara lissafo alamomi babu wanda zai saurara bai ji nashi a ciki ba. Babu tabbacin cewa jijiyar da ta kumbura a dubura ce ke kashe ƙarfin namiji. Wanda ke fama da raunin mazakuta ya je a auna masa suga da hawan jini, ya fi masa shan galan ɗin tsimi.

Gida na farko: masu laushin bayan gida

Nan ne ainihin maganin yake, duk da dai shi ne mutane suka fi rainawa saboda babu ɗaci babu kwarjini. In dai bayan gida zai fito da laushi ba tare da nishi ba, basir mataki na 1 da na 2 yakan lafa da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Binciken likitoci da aka tattara ya nuna ƙara faiba, wato wannan dusar da zare-zaren da ke cikin ganye da hatsi da 'ya'yan itace wanda ciki baya narkarwa, yana rage zubar jinin basir da kusan rabi. Babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana, kuma yawancin mutane basa kaiwa nan.

Cikin abin da masu magani ke bayarwa, duk mai yauƙi abokinka ne. Hulba misali, ka jiƙa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kofin ruwa da dare, da safe zaka ga ta kumbura ruwan ya yi yauƙi, ka shanye har da 'ya'yan. Wannan yauƙin shi ke riƙe ruwa a cikin hanji ya hana bayan gida bushewa. Sai dai mai ciki ta bar hulba mai yawa, mai shan maganin suga shima ya lura dan tana ƙara sauke suga. Garin ganyen kuka haka yake, yauƙi da faiba, zogale ma yana taimakawa, tsamiya in aka jiƙa ta aka sha ruwan tana saki ciki a hankali ba da ƙarfi ba. Akwai kuma ɓawon irin wata ciyawa da aka fi nomawa a Indiya, isfagula ake ce mata, masu maganin gargajiyar can sun daɗe suna amfani da ita kuma yau likitocin asibiti ma ita suke rubutawa, ana zuba cokali ɗaya a cikakken kofin ruwa a juya a shanye nan take kafin ya daskare. Sharaɗin dukkansu ɗaya ne, ruwa. In ka sha abu mai kumbura baka bi shi da ruwa ba to ka ƙara toshe hanyar ne. Ka nemi kofi 8 ko kusa da haka a yini, sai dai in likita ya ƙayyade maka ruwa saboda ƙoda ko zuciya. Kuma kar ka tashi rana ɗaya ka loda wa cikinka, ka fara kaɗan ka riƙa ƙarawa cikin sati biyu, in ba haka ba iska zata cika maka ciki kace maganin ne bai karɓe ka ba.

Sai filasko, wanda wasu ke kira sanamaki. Wannan shi ba laushi yake sawa ba, tunzura hanji yake ya matse ya turo abin da ke ciki, yana ɗaukar awa 6 zuwa 12 kafin ya fara aiki shi yasa ake shansa da dare. Yana aiki kam, har ƙwayoyin asibiti ake yi da sinadarinsa. Amma na ceto ne ba na kullum ba, ɗan tsunkule na busasshen ganye a ruwan zafi ya isa, kuma kar ka wuce sati ɗaya kana sha. Sau da yawa jiƙon da ake ce maka "wankin ciki" ne zai fitar da dattin basir, filasko ne ko danginsa aka cika a ciki, mutum ya kwana yana zarya bayan gida da murɗar ciki yana murna wai ciwon ne ke fita. Ba ciwo bane ke fita ɗan uwa, ruwan jikinka ne da gishirinsa, kuma gudawa da kanta tana tayar da basir kamar yadda taurin bayan gida ke yi. Wannan majinar da kake gani ba "basir ɗin" bane, hanji ne ya ji jiki.

Gida na biyu: masu bauri, na zama a ciki

Bagaruwa, sabara, marke, kalgo, ɓawon ɗorawa, in ka taɓa tauna ɗaya daga ciki ka san yadda baki ke ɗaurewa. Wannan baurin sinadarin tanin ne, kuma shi ne dalilin da yasa majema suke jiƙa fata a ruwan bagaruwa, yana tsuke fata ya ƙarfafa ta. To abin da yake wa fatar akuya shi yake wa tsokar da ta kumbura, ya ɗan tsuke ta, ya rage tsattsafon ruwa da jini da ƙaiƙayi. Ba mu kaɗai muka gano wannan ba, a Amurka akwai wani itace da ake kira hamamelis wanda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna dafa ɓawonsa, har yau ruwansa ake jiƙa audugar goge basir da shi a kantunan magani, shima tanin ne a cikin ɓawon nasa.

Yanzu ka yi tunani, abin da ke tsuke fata haka in ka sha shi me zai yi wa hanji? Zai ɗaure shi. Ai shi yasa su ɗin dai ake ba mai gudawa da atini. Mutum yana fama da bayan gida kamar dutse sai a bashi ruwan bagaruwa kofi-kofi, jini ya ɗan tsaya kwana biyu ya ce alhamdulillahi, rana ta uku ya shiga bayi ya yi nishin da ya fi na da. A ganina wannan shine kuskure mafi yawa a harkar nan gaba ɗaya. Masu bauri na waje ne.

Ga yadda ake yi. Ka samu busassun 'ya'yan bagaruwa kamar cikin hannu ɗaya, ka duba babu fumfuna a jiki, ka wanke ka ɗan daddaka, ka tafasa a ruwa kamar lita 2 na minti 15 haka. Ka sauke ka tace da ƙyalle mai tsabta, tacewa sosai fa, dan ɓarɓashin in ya maƙale a wurin wani sabon ƙaiƙayi ne. Ka juye a baho mai faɗi wanda aka wanke, ka sirka da ruwan sanyi har ya koma ɗumi, ka gwada da gwiwar hannunka ba da tafin hannu ba dan tafin hannu yana jure zafi ya yaudare ka. Sai ka zauna a ciki minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana, musamman bayan ka fito daga bayi. In ka tashi kar ka goge da ƙarfi, ka dangwala tawul mai laushi har wurin ya bushe. Ganyen sabara ko na marke ma haka ake yi musu. Kullum a dafa sabo, kar a ajiye na jiya a ɗumama, kuma in ka ga fatar wurin ta fara bushewa tana tsattsagewa ko tana ƙara raɗaɗi to ka bar ganyen ka koma ruwan ɗumi zalla. Maganar gaskiya ma rabin aikin ɗumin ruwan ne ke yi, shi ke sa tsokar bakin dubura ta saki zafi ya ragu, dan haka ranar da baka da ganye kar ka fasa zama.

Bayan an bushe sai shafawa. Man kaɗanya mai kyau wanda ba a haɗa shi da turare ko wani abu ba, ko man zaitun, ko man kwakwa, a shafa siriri da hannu mai tsabta, yana hana gogayya kuma in aka shafa kafin a shiga bayi yana sauƙaƙa fita. Alobera ma tana sanyaya wurin amma akwai dabara, farin ruwan nan mai santsi na tsakiya ake so, wannan ruwa mai launin ɗorawa mai ɗaci da ke fitowa daga ƙarƙashin ɓawo in an yanka shi a bari ya tsiyaye a wanke, dan yana cin fata, in an sha kuma zawo yake sawa mai ƙarfi, har hukumar magunguna ta Amurka ta cire shi daga magungunan sakin ciki da ake sayarwa ba takardar likita a 2002. Kafin ka kai kowane abu wurin ka fara shafa kaɗan a cikin damtsenka ka bari ya kwana ka gani.

Gida na uku: waɗanda zaka guda

Duk abin da aka ce zai "cinye" tsiro ko ya "ƙone" shi ya faɗi, ka bar wurin. Nonon tumfafiya, nonon tinya, kanwa, toka, ɗanyar tafarnuwa da ake cewa a cusa a kwana da ita, duk ƙuna suke yi. Basu san bambancin tsiro da lafiyayyar tsoka ba, in suka ƙone wurin ya warke da tabo sai ƙofar ta tsuke, mutum ya koma bayan gida ma da kuka yake yi, ko kuma gyambon ya ruɓe ya zama ƙurji mai yoyo wanda sai an yi tiyata, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Haka masu yanka tsiro da aska ko ɗaure shi da zare a gida, wurin nan jijiyoyin jini ne zalla, jini zai iya ɓallewa a kasa tsayar da shi, ga tsokar da ke riƙe bayan gida in aka taɓa ta shikenan mutum ya rasa riƙo. Tsugunno a kan garwashi ko tukunyar sirace mai tafasa shima ya ƙona mutane da yawa, kuma babu abin da hayaƙi zai yi maka wanda ruwan ɗumi bai yi ba.

A ɓangaren sha kuma, saiwar sanya wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna tana da guba in ta yi yawa, ka shinshina ta zaka ji ƙamshin man zafi, wannan sinadarin ɗan uwan asfirin ne, mai zubar jini kuwa ba abin da yake nema kenan ba. Maɗaci ma mutane na ganin tunda ya fi komai ɗaci ya fi komai ƙarfi, ɗaci ba shine magani ba, kuma shan sassaƙe mai ƙarfi wata da watanni hanta da ƙoda ne ke biyan kuɗin. Sai haɗin cikin jarka ko ƙulli wanda ba a san me ke ciki ba, in ka tambayi mai shi sunayen itatuwan yace sirri ne, to jikinka ma ai ba wurin gwaji bane. Mai maganin kirki zai faɗa maka abin da ya haɗa, zai tambaye ka ko kana shan wani magani, mace zai tambaye ta ko tana da ciki ko tana shayarwa, kuma in yaga abin ya fi ƙarfinsa zai ce maka tafi asibiti.

Duk wannan kuma aikin banza ne in baka gyara zaman bayi ba. Da ka ji bayan gida ka tafi kar ka riƙe, in ka shiga kar ka wuce minti 5, wayar nan ka barta a waje dan wallahi ita ke zaunar da mutane rabin awa suna kallon bidiyo jini na taruwa a ƙasa. In bai zo ba ka tashi ka dawo anjima, kar ka tsaya kokawa da shi. Mai masai na zama ya sa ɗan kujera ƙarƙashin ƙafafunsa gwiwa ta ɗaga sama da ƙugu, hanyar tafi miƙewa haka. A wanke da ruwa a hankali ba sabulu mai ƙamshi ba dirza. Ka riƙa ɗan tattaki kullum. In zafi ya dame ka farasitamol ya isa, amma kodin da taramol suna busar da ciki sosai, ƙwayar ƙarin jini ma tana yi, asfirin da ibufurofen kuma suna iya ƙara zubar jini.

Wani lokaci zaka wayi gari da wani ƙullutu mai tauri shuɗi-shuɗi a bakin dubura mai azabar zafi har zama ya gagara, wannan jini ne ya daskare a basir na waje. Zafin yakan kai ƙarshe a kwana 2 zuwa 3 na farko sannan ya fara sauka, ƙullutun ya narke a hankali cikin makonni. In ka isa asibiti cikin awa 72 likita zai iya kashe wurin ya cire gudan jinin ka samu sauƙi nan take. Wannan nau'in shi ke sa wasu magunguna yin suna a banza, dan duk abin da ka sha a rana ta huɗu shi zaka ce ya warkar da kai.

Yanzu mu koma lissafin matakan nan. Na 1 da na 2, abin da na faɗa a sama yana iya wadatarwa, ka bashi sati ɗaya zuwa biyu. Na 3 da na 4 kuwa naman ya riga ya saki daga mazauninsa, babu ganyen da zai ɗinke shi ya koma, iyaka ya rage maka raɗaɗi. Kuma ba kowane zuwa asibiti ne yanka ba kamar yadda ake tsoratar da mutane, akwai ɗaurin roba da wani likita mai suna Barron ya yaɗa tun 1963, ana saƙala 'yar roba a gindin basir na ciki inda babu jin zafi sosai, cikin kamar sati ɗaya ya bushe ya faɗi, a ranar zaka koma gida. Akwai kuma ƙwaya irin Daflon da ake bayarwa lokacin da ya tashi, ita ma asalin sinadarinta daga ɓawon 'ya'yan itacen dangin lemu ake samo shi, kaga ashe asibitin ma bata rabu da itace ba.

Akwai alamomin da in ka gansu ba zancen jiƙo kuma, ko kwana ɗaya kar ka ƙara. Bayan gida baƙi kamar kwalta, ko jini a cakuɗe cikin bayan gidan ba a samansa ba, ko gudan jini, rama ba dalili, yanayin bayan gidanka ya canja sati da satittika, jiri da haki da farin ido alamar jini ya yi ƙasa, zazzaɓi tare da kumburi ko mugunya a wurin, tsiron da ya fito ya ƙi komawa ya fara baƙi. Haka in ka haura shekara 40 jini ya fara zuwa maka karon farko, ko akwai wanda ya taɓa kansar hanji a danginku, dan kansar hanji da farkonta kamanninta ɗaya da basir kuma mutane da yawa sun ɓata watanni suna shan sassaƙe har lokaci ya ƙure. Zafi kamar ana yanka ka da reza lokacin fita kuma yawanci tsagewa ce ba basir ba, maganinta daban. Yara ƙanana kuwa basir ba kasafai yake kama su ba, jan naman da ke fito musu galibi ƙarshen hanji ne ya zazzago saboda gudawa mai tsawo ko tsutsar ciki ko tamowa, kar a shafa masa komai mai yaji ko bauri, a rufe da tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi a kai yaron asibiti, kuma in za a tafi a ɗauki duk abin da aka riga aka bashi ya sha a nuna wa likita.